Daga Ni Sai Malam: Kwana Uku a Yankari

Shekararmu 11 da aure, ba mu taɓa barin Kano mu biyu kaɗai ba. Tafiya kam mun sha ta. Mun je Zariya gaisuwar mutuwa, mun kai amarya Haɗeja, mun je suna Katsina har sau biyu. Sai dai kowace tafiya motar a cike take da dangi, ina kujerar baya da goyo a cinya, Malam yana gaba shi da yayansa suna hirar siyasa da tsadar taki. Idan mun isa, ni in shige cikin mata, shi ya zauna a ƙofar gida kan tabarma. Sai an tashi komawa ya aiko yaro ya ce in fito.

Maganar Yankari daga bakin babbar 'yarmu ta fito. An ba su aikin gida, su rubuto wuraren yawon buɗe ido guda biyar a Najeriya, ta kawo wa babanta saboda labarin ƙasa yake koyarwa a sakandare. Ina gefe ina tace kunun aya ina jin su. Ya yi mata bayanin dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, da giwayensa, da ruwan Wikki wanda ɗuminsa ba ya barin digiri 31 rani da damina. Yana faɗa kamar mai ba da labarin gidansu. Da ya gama sai yarinyar ta ce, "Abba, ka taɓa zuwa?" Ya yi jim, ya ce, "A'a, a littafi na sani." Shekara 14 yana zana wa 'ya'yan mutane wurin a kan allo.

Da dare bayan yara sun kwanta na ce, "Malam, mu je mana."

"Ina?"

"Yankarin."

Ya ce da wane kuɗin, kuma mu shida da kaya motar ba za ta kai mu ba. Na ce ai ban ce da yara ba, daga ni sai shi. Ya juyo ya dube ni sosai, kamar yana neman ko wani laifi aka yi min nake kewaye-kewaye. Bai amsa ba, bai kuma hana ba. Ya ce Allah ya kai mu. Ni kuma na ƙulle wannan "Allah ya kai mu" a bakin zani, na ɗauke shi alkawari.

Wata biyar muka yi muna tari. Na shiga adashen matan layinmu, mu 20, zubin naira 5,000 duk Juma'a, na roƙi uwar adashe ta bar min kwasar ƙarshe, don kuɗin da ya shigo hannu da wuri tukunya ce ke cinye shi. Ribar kunun aya da zoɓon da nake kai wa shaguna ita nake zubawa. Malam ya ɗauki mai da gyaran mota daga kuɗin lesin ɗin da yake yi da yamma, ni na ɗauki masauki da abinci. A wata na uku bikin 'yar kawuna ya taso, aka fitar da anko kala biyu. Na kai gudummawata, na yi aiki tun daga ranar kamu har kai amarya, amma ban yi ankon ba, tsohuwar atamfata na sa. An yi maganar, ta kuma dawo kunnena, har da mai cewa ko Malam ne ya hana. Duk shirin nan ba abin da ya fi wannan yi min ciwo, domin ba zan iya buɗe baki in ce tari nake mu je kallon giwa ba. A wurinmu idan mace ta ce tana tari don kayan ɗakin 'yarta ko kujerar Makka, kowa zai sa albarka. Ta ce don ta fita shan iska da mijinta ne, sai a ga ta rasa abin yi. Ni kuwa har yau ban ga aibinsa ba.

Sai batun yara, wato batun Hajiya, mahaifiyar Malam. Sati biyu muna tura wa juna wanda zai fara faɗa mata. Daga ƙarshe muka je tare wata Asabar, na durƙusa na gaishe ta, Malam ya yi ta kame-kame har dai ya ce za mu je Bauchi kwana uku, muna so mu kawo mata yaran.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Babu kowa, Hajiya."

"To wa ke aure?"

"Dajin Yankari za mu, mu ga namun daji."

Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce gidan zu ɗin da ke nan Kano rufe shi aka yi? Na sunkuyar da kai, a raina na riga na sallama tafiyar. Ta ja carbinta, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can sai ta ce marigayi ya sha yi mata alkawarin zai kai ta Jos ta ga duwatsu ta ji sanyin da ake faɗa, kullum sai ya ce bari a sayar da shanun nan, bari damina ta wuce, har Allah ya karɓi abinsa ba su je ba. Ta ce, "Ku kawo min su. Ke kuma ki haɗo da maganin tarin autan nan." Na fita tsakar gida kamar zan ɗebo ruwa, don kada ta ga idona.

Wani abokin aikin Malam da ya taɓa kai ɗalibai shi ya ba mu lambar da ake kama ɗaki, ya kuma ba mu shawarar da ta yi mana rana. Ya ce mu je a tsakiyar rani, tsakanin ƙarshen Fabrairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, dabbobi ba su da wurin sha sai kogin Gaji. Mu kuma kauce wa Asabar da Lahadi da ranakun Sallah saboda cinkoso. Muka tsayar da Litinin zuwa Laraba a cikin Afrilu, makaranta na hutu, ni kuma na gama Sitta Shawwal.

Ban san yawan abin da ke rataye a wuyana ba sai da na tashi barin gida kwana uku. Wa zai ba kaji dusa, wa zai karɓi ruwa wurin ɗan garuwa, me zan gaya wa masu shagunan da ke jiran kunun aya. Ba a kai wa tsohuwa baki huɗu hannu rabbana, don haka na auna shinkafa da wake da manja da garin kunu muka kai tare da yaran, da kayan Islamiyyarsu a goge, da gidan sauro. Na yi dambun nama, na soya cincin da dubulan, na daskarar da zoɓo a robobi na jera a kula. Malam ya kai mota wurin bakanike aka yi juye, aka duba birki da lagireto, ya sayi safaya ta hannu. Ranar Lahadi da yamma na je aka yi min lalle, ja da baƙi, hannu da ƙafa. Rabona da in yi lalle ba don bikin wani ba tun ina amarya.

Muna idar da sallar asuba muka fita. Malam ya karanta addu'ar tafiya, muka ɗauki titin Maiduguri ta Mariri. Ina kujerar gaba, cinyata ba kowa, har na rasa inda zan sa hannuwana. Kafin mu kai Wudil mun ƙarar da duk hirar da muka saba: kin kashe gas, ka kulle ƙofar baya, an ba maƙwabciya makullin kejin kaji. A kan gada ya rage gudu ya leƙa ruwan, ya ce, "A nan na koyi iyo." Na ce dama ya iya iyo? Ya ce da dai. Bai ƙara ba, ni ma ban ja ba. Daga nan shiru, kuma shirun nan ya ba ni tsoro. Sai a lokacin na gane abin da muke kira hira a gida saƙo ne kawai muke isar wa juna: kuɗin cefane, wane ba lafiya, an aiko daga makaranta. Da aka cire yara da cefane, ga mu nan zaune kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Na ɗauki waya na kira gidan Hajiya. Na sake kira a Kwanar Huguma. A na uku, wajen Birnin Kudu, ta ce, "Ke, yaran nan ni na haifi ubansu. Ajiye wayar nan."

Duwatsun Ningi sun fara bayyana ke nan tayar baya ta sace. Malam ya sa safaya muka lallaɓa zuwa wani ƙauye wurin mai faci. Na zauna a gindin tsamiya, wata Bafulatana mai tallan fura da nono ta sauke ƙwaryarta kusa da ni. Tana dama mana tana kallon hannuna, ta ce, "Amarya ce?" Na ce 'ya'yana huɗu. Ta ce to ina suke? Na ce suna wurin kakarsu. Ta yi dariya ta ce lallai mijina yana ji da ni. Malam yana jin ta, ya kawar da kai yana murmushi. Da ludayi ɗaya muka sha furar nan, ya sha ya miƙo min, in sha in miƙa masa.

Azahar ta yi muka shiga Bauchi, kusan kilomita 300 daga gida. Muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, muka ci masar Bauchi da ake ta ba mu labari, mai faɗi da laushi. Malam ya cika tanki, domin daga nan sai daji. Muka bi titin Gombe har Dindima, inda gadar kogin Gongola take, muka karya dama zuwa Mainamaji, ƙofar shiga dajin. Aka rubuta sunayenmu da lambar mota, muka biya kuɗin shiga, aka ja wa Malam kunne ya tafi a hankali saboda dabbobi na tsallaka titi. Na ɗauka mun iso. Ashe daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sama da kilomita 40, ba gida ba gona, sai kawo da taura da marke, yawancinsu sun zubar da ganye, da suri masu tsayin mutum. Ba mu yi nisa ba sabis ɗin waya ya ɗauke, nawa da nasa. Can sai ga wani mazo tsaye a tsakiyar titi. Malam ya taka birki, ya damƙi hannuna, yana cewa "Dubi, dubi!" ƙasa-ƙasa, muryarsa na rawa kamar ta yaro.

Kafin a ba mu makulli sai da ma'aikacin masaukin ya yi mana gargaɗi: a kulle ƙofa da taga ko leƙawa waje za a yi, kada kuma a riƙe leda a hannu. Gwaggon biri ne ke yawo a harabar garke-garke, uwa da ɗanta ɗare a baya, ga gadu yana durƙusawa kan gwiwoyin gaba yana kiwo a bakin ɗakuna, ko kallon mutum ba ya yi. Muna sauke kaya na manta na ɗauko ledar dubulan a hannu. Ban ga tahowarsa ba, sai ji na yi an fizge. Wani ƙaton namiji ne, ya koma gefe ya zauna ya yage ledar yana kallona, fiƙoƙinsa sun fi na kare. Jikina ya daɗe yana ɓari. Daga nan komai a jaka mai zif nake sa shi.

Rana ta yi sanyi muka gangara matattakalar da ke kai wa Wikki. Ruwan daga ƙarƙashin wani dutse mai tsayi yake ɓulɓulowa, ya miƙe tsakanin itatuwa kamar rafi, garai-garai, kana hango farin yashin ƙasansa da yatsun ƙafar wanda ke ciki. Amma cike yake da samari, wasu ɗalibai da suka zo a bas, suna tsalle da ihu ba riguna. Na tsaya daga sama. Malam ya ce in sauko ko ƙafa in tsoma. Na ce a gaban waɗannan? Ya ce to me muka zo yi, wata biyar ana tari. Maganar ta sosa min rai, don ni na san abin da na haɗiye kafin kuɗin nan su taru. Na juya na hau matattakalar ni kaɗai. Daren farko da na yi ta ɗoki, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Na kwana ina lissafin abin da kuɗin nan za su yi wa yara.

Bayan sallar asuba ya taɓa kafaɗata ya ce, "Maman yara, shirya mu je." Ashe da daren ya fita ya tambayi wani ma'aikaci lokacin da ruwan ba kowa. Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba, na dai sa doguwar riga mai kauri da wando da ƙaramin hijabi na bi bayansa. Gari bai gama wayewa ba, sai kukan tsuntsaye.

Na fara sa ƙafa ɗaya. Ɗumin irin na ruwan da ake sirka wa jariri ne. Malam ya shiga har ƙugu ya miƙo min hannu biyu, yana ja da baya ina bin sa, yashi na lumewa a ƙarƙashin tafin ƙafata, rigata ta cika da iska ta taso. Ya fara yi min bayani irin na aji, cewa lita miliyan 21 ke fitowa daga gindin dutsen nan kullum su gangara kogin Gaji, sai ya tsaya bai ƙarasa ba, ya ɗebi ruwan a tafin hannu yana kallo. Ya ce in kwanta rigingine zai tallafe ni. Na ce zan nutse. Ya ce, "Ina riƙe da ke." Da ƙyar na saki jiki. Ruwa ya toshe min kunne, komai ya yi tsit, ba abin da nake gani sai rassan itatuwa da sararin da ya fara haske. Tun da na yi wayo ban taɓa shiga ruwan da ya kai min gwiwa ba, ga ni kwance a kansa, hannun mijina a bayana.

Da na miƙe ya ce haka babansa ya koya masa. Dillalin shanu ne a karar Wudil, duk Juma'a da shi yake tafiya. Idan kasuwa ta tashi sai su gangara bakin kogi su wanke ƙurar kara, ya sa masa tafin hannu a ƙarƙashin ciki ya ce ya buga ƙafa. Yana shekara 12 mahaifin ya rasu, daga nan bai sake shiga ruwa ba sai yau. Na san surukina ya rasu Malam yana yaro, iyakar abin da aka taɓa gaya min ke nan. Sai ranar na ji cewa yakan saya masa rake da soyayyen kifi a bakin gada, kuma daren da ya cika Malam ne aka aika cikin duhu ya taso liman. Ya yi ta faɗa, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ina tsaye ruwa iya ƙirji ina saurare, ban katse shi ba. Sai da muka ji muryoyi daga saman matattakala muka fito.

Da yamma muka hau motar zaga daji, buɗaɗɗiya mai benci, da direba da jagora, mu da wani iyali. Jagoran ya fara da tarihi: an keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Kowace shekara kafin ya faɗa ina jin Malam ya riga shi a hankali kusa da kunnena. Ma'anar sunan ce kaɗai ta zo masa sabuwa. Jagoran ya ce a harshen Dugurawa, mutanen yankin, Wikki na nufin "ina kake?" Malam ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa.

Mun ga gwambaza a bakin ruwa, da garken ɓauna sun tsaya cak suna hararar mota, da gwanki biyu daga nesa, da kada kwance baki buɗe. Dorina kunnuwa da hanci kawai ta nuna mana. Burtu na gani da idona yana takawa a ƙasa, baƙi ƙato, wanda a da kansa kawai na sani a goshin mafarauta. Ƙudan tsando kuwa ni ya fi addaba, cizonsa kamar allura har ta cikin tufa. Jagoran ya ce baƙin kaya da shuɗi ne ke jawo shi, ni kuma baƙin hijabi na sa. Duk mai shirin zuwa ta nemi mai haske. Aka kai mu kogwannin Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da suka fafe a jikin dutse, ƙofarsu ƙarama sai an rarrafa, ana cewa mafaka ce a zamanin farautar bayi. Na leƙa ɗaya, zuciyata ta kawo min uwa a ciki da 'ya'yanta, ta toshe bakin jariri kada a ji. Giwa dai ba mu gani ba, sai kashinta, da sawu mai faɗin faifai, da itatuwan da ta karya ta ɓare musu ɓawo.

Daren nan muka fito da kujeru ƙofar ɗaki bayan birai sun hau bishiya, muna cin dambun nama da burodi da shayin filas. Ni ma na faɗi nawa. Na gaya masa takardar sakamakon sakandarena tana nan a ƙasan akwati cikin leda, duk shekara sai na ciro ta na duba, kuma har yanzu ina son in koma karatu in zama ungozoma. Ya ce me ya sa ban taɓa faɗa ba? Na ce yaushe? Da safe yana saurin fita, da dare ya dawo a gajiye ya tarar da ni a gajiye. Bai yi min alkawari ba. Ya tambaye ni darussan da na ci da waɗanda sai na sake, ɗaya bayan ɗaya, ya ce in mun koma in ciro masa takardar.

Ranar Laraba muka sake biyan kuɗin fitar safe, duk da sai da muka taɓa na tsaraba. Mun fi awa muna zagaye, rana ta fara zafi, na fara cire rai. Sai jagoran ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Da farko ƙarar karyewar itace kawai muke ji. Can sai abin da na ɗauka inuwa ce ya motsa. Suka fito ɗaya bayan ɗaya suna gangarawa Gaji, jikinsu buɗu-buɗu da ƙasa, kunnuwa na fifita, kuma duk girman nan ba ka jin takunsu. Na ƙirga 14 lissafin ya ɓace min. Wata tsohuwar uwa ce a gaba, jagoran ya raɗa mana cewa haka garken giwa yake, mace ce ke ja. Akwai ɗan ƙarami yana tafe a tsakanin ƙafafun uwarsa, in ya ratse ta sa hanci ta dawo da shi. Jagoran ya ce giwayen Yankari su ne mafi yawa da suka rage a Najeriya, kuma manoman ƙauyukan gefen daji ba kallon sha'awa suke musu ba, don a dare ɗaya sukan tashi gona. Na yi ta tasbihi a zuci. Na waiga wurin Malam, ya ɗaga waya zai ɗauki hoto ya manta da ita a sama, leɓensa na motsi. Ni na karɓa na ɗauki bidiyon.

A Bauchi muka tsaya kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim ministan da aka kashe a Janairun 1966. Ta wani dogon lungu mai duhu ake bi kafin a fito inda kabarin yake, sama a buɗe, ba wani ado. Muka yi masa addu'a, muka sayi tsaraba daidai abin da ya rage, muka kama hanya. Daga Ningi har Wudil bakinmu bai huta ba, wani lokaci ma musu ne, har kan ko auta zai shiga makaranta bana ko baɗi. Ba wanda ya taɓa waya.

Bayan isha muka iso gidan Hajiya. Auta ya ƙi kula ni, ya cusa fuska a zanin kakarsa, sai da aka yi rarrashi. Babbar ta tare babanta tun a zaure: "Abba, da gaske da ɗumi?" Ya ce da kansa ya shiga, har da mamanta. Hajiya ta ce in zo in nuna mata giwar. Na zauna kusa da ita a kan darduma na kunna bidiyon, ta matso da wayar dab da idonta ta kalla, ta ce in maimaita, har sau uku. Ta tambayi ko hanya da wahala, na ce da sauƙi idan ana tsayawa ana hutawa. Ta miƙo min wayar, ta gyara mayafinta, ba ta kalli kowa ba ta ce, "Jos ɗin ma ta can ake bi?"

Malam ya ce, "A'a Hajiya, ta Falgore da Saminaka ake bi."

Ta ce, "To."

Ranar Juma'a na yafa mayafi na je wurin uwar adashe, na ce ta sa sunana a sabon zubi, ta kuma bar min kwasar ƙarshe.